Abin da Na Kai wa Habu a Jos

Wata uku ke nan da na dawo daga Jos, kuma ban taɓa zama a majalisar bakin kasuwa ba sai wani ya ce, "Malam Nomau, ba mu labarin garin Kiristoci." Na ba ku na sanyi, na ba ku na duwatsu, kun yi dariya. Rabin labarin ke nan. Sauran rabin bakina ya kasa faɗinsa, shi ya sa na zauna in rubuta da ɗan bokon da na samu a aji uku na lakwal. Wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran, kada ya tsallake komai.

Manyanku sun san Habu, ƙanena, autan Inna. Ya tafi cin rani Najeriya a shekarar yunwa, ya koyi aikin kafinta a Jos, ya yi aure a can, ya shiga addinin Kirista. A gidanmu ni kaɗai ke karanta boko, saboda haka duk wasiƙarsa ta hannuna take bi. Da ciwon Inna ya tsananta ta kira ni ta ce in ɗauko takarda in rubuta wa Auta ya zo. Na zauna a bakin gadonta na rubuta duk abin da ta faɗa. Da na fita na jefa takardar a murhu. Kwana goma sha tara ta yi tana tambaya ko amsa ta zo, sannan ta cika. Bayan an rufe ta na rubuta wa Habu cewa Inna ta rasu, kuma ta bar wasiyya kada ya taka gidanta, kada ya zo kabarinta. Ku kuma na ce maku na kira shi ya ƙi zuwa. A lokacin na gaya wa kaina kishin addini ne. Yanzu na san har da haushin cewa ni ke ɗawainiya da ita, amma sunansa take kira.

Shekara goma sha ɗaya ina ɗauke da wannan. Sai bayan girbin bana, shekara guda da karyewar darajar kuɗin sefa, wani direban goro ya miƙo mani wasiƙa. Layi huɗu ce. "Yaya, akwai maganar da dole in gyara tsakanina da kai, ido da ido. Ƙafata ta karye, an sa mata ƙarfe, ba ni iya doguwar tafiya. Don Allah ka zo." Na ce shi ke nan, ya gano. Na yi mako biyu ina neman dalilin ƙin tafiya ban samu ba. Na ɗaura busasshen kifin tabkinmu, na sayi goro da 'yan kunne biyu don 'ya'yansa mata, na kama hanya.

A Ɗan Issa na yi canjin kuɗi, na nuna wa jandarma katina, na shiga motar wani direba da ake kira Ɗan Gabi. Kun san al'adar hanyar nan, ni ma na sha yi. Kafin a tashi direba zai raba wa fasinja turamen atamfar da yake ƙetarawa da su, kowa biyu, in an tambaye ka a iyaka ka ce na iyalinka ne. Kowa ya karɓa ya tura cikin jakarsa ba tare da an ko yi magana ba. Sai wata mace da ke kusa da ni, ta kai shekara hamsin, ta ɗaure kai tamau da kallabi, babu ɗan kunne babu awarwaro. Ta ce, "Direba, in kana so in riƙe maka zan riƙe. Amma in an tambaye ni, zan ce naka ne."

Ɗan Gabi ya yi dariya ya ce, "Haba Gwaggo, wa zai tambayi tsohuwa?" Ya ɗora mata biyu a cinya.

Ita kuwa aka fara tambaya. A Jibiya ɗan kwastan ya leƙo ta taga ya ce, "Mama, wannan naki ne?" Ta ce, "A'a, na direba ne." Ya ce, "Na sauran mutanen fa?" Na taka mata ƙafa. Ta janye ƙafarta ta ce, "Shi ya raba mana duka a Ɗan Issa."

Awa huɗu muka yi a rana. Aka sauke mu, aka zazzage kowace jaka, aka ƙwace atamfa. Babu zagin da ba a yi wa matar nan ba, kuma ina jin kunyar faɗa, muryata ta fi ta kowa. Na ce mata, "Ke kaɗai ce kika san Allah a motar nan? Ga alhazai biyu, ga ni da furfurata!" Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri da rana. Na gaya mashi tun farko. Mu an koya mana ƙarya ba ta da ƙarama." Na ce su wa? Ta ce Kiristoci masu bi na zaman tsarki. A nan na fara jin kalmar. Ɗan Gabi ya ƙi ci gaba da ita. Muka bar ta a bakin titi da ƙullin kayanta a ka, tana ɗaga mana hannu. Har muka shiga Katsina ana maganarta. Wani alhaji ya ce mahaukaciya ce. Ni kuwa sai na tuna Kiristoci irinta zan je in tarar.

A Zariya na sauka gidan wani mutumin Safo, ɗan ƙasarmu, mai saukar fatake. Ya karɓe ni da kyau, amma kyanwarsa ta fi shi murna da zuwana. Da safe na tarar ta huda buhu ta cinye rabin kifin. Daga nan zuwa Jos tafiyar yini guda ta zama, don man fetur ya yi wuya, direba yana tsayawa yana saye galan-galan a bakin hanya. Muna wuce Saminaka sanyi ya fara shiga ƙashina. A tashar Jos na ga mai gwanjo, na sayi wata kwat ja mai gashi a wuya, na ɗora a kan babbar rigata. Na ji ɗumi, na ga kuma na yi kyau.

Gidan Habu ɗaki uku ne da shagon kafinta a gaba. Na tarar da shi zaune yana goge katako, sanda a gefensa. Ya yi furfura, ya koma kamar Baba sak. Ya miƙe da ƙyar ya rungume ni yana kuka, yana cewa, "Yaya, Yaya." Ni kuwa ina tsaye kamar icce, ina jira in ji ta inda zai fara. Matarsa Saratu ta durƙusa ta gaishe ni, 'yan matan biyu suka durƙusa, amma na ga suna cizon leɓe. Don in sassauta zaman na ce, "Amarya, yaya kika ga kwat ɗina?" A gida da an ce, "Ta yi, Allah ya sa a kashe lafiya." Saratu ta dubi ƙasa ta ce, "Yaya, tana da kyau. Sai dai ta mata ce." 'Yan matan suka ruga ɗaki. Na bi rabin garin Jos da rigar matan Turawa.

Tsarabata ma ba ta yi sa'a ba. Goron, Habu ya karɓa da hannu biyu ya ce zai ba maƙwabcinsu, don shi ya daina ci, wai duk abin da mutum ba ya iya yini babu shi ya zama ubangidansa. Wannan Habun da ke satar goron Inna! 'Yan kunnen kuwa, babbar ta juya su a tafin hannu, ta ce, "Mun gode, Baba Nomau, amma ba mu sawa." Na duba, ko hujin kunne ba su da shi. Ƙaramar ta daɗe tana kallonsu kafin ta mayar mani, kuma wannan bai yi mani daɗi ba. Yarinya 'yar shekara tara, mi ɗan kunne zai rage mata wajen Allah? Na faɗa wa Habu haka. Ya ce ado na zuciya ne. Na ce zuciya ba ta da kunne. Ya yi dariya. Babu telebijin a gidan, ba don talauci ba, wai akwatin Shaiɗan ne. A shagonsa kuɗin kujera ɗaya ne, ba a tayawa. Na ga wani ya zo yana cewa "Allah ya ba ka haƙuri, rage mani," Habu ya ce, "In na faɗi kuɗin da na san zan rage, na yi maka ƙarya ke nan." Har ya juya kujerar ya nuna wa mutumin inda katakon ya tsage. Na ce a raina, a kasuwar Maradi wannan ba zai kai la'asar ba.

Amma kada in zalunce su. Kafin in tambaya an ajiye mani sabuwar buta da tabarma, Habu ya nuna mani gabas. Saratu ta kawo kaza da wuƙa ta ce in yanka da hannuna don in ci da kwanciyar rai. Abincinsu gwaten acca ne, ruwa-ruwa da ganye, wanda a wurinmu sai mara lafiya za a ba. Na sha kwano biyu don kunya, ina mafarkin fura.

Washegari da hantsi Habu ya sa aka fitar da kujeru biyu tsakar gida, ya kira matarsa da wani dattijon majami'arsu su zama shaidu. Na ce yau asirina ya tonu. Ya sauka daga kujera ya zauna a ƙasa da ƙafar nan tasa mai ƙarfe. Ya ce a koyarwarsu tuba ba ta cika da baki kaɗai. Duk wanda ka cuta, in yana da rai, sai ka neme shi ka gaya mashi, ka mayar da abin da ke mayuwa. Suna kiran abin gyara. Ya ce ya rubuta sunaye goma sha huɗu, ya gama da goma sha uku, saura ni.

"Yaya, ka tuna rumbun Baba da ya ƙone?"

Sai da na yi tunani. Abin ya fi shekara talatin da biyar.

"Aka ce kai ne da tabarka. Baba ya ɗaure ka a turken jaki ya zane ka. Ni ne, Yaya. Fara nake gasawa a gindin rumbun. Ina laɓe a bayan danga ina jin kukanka, ban fito ba."

Wannan ne? Don wannan na ƙetare iyaka? Dariya ta kusa kuɓuce mani don sauƙin da na ji. Na ce, "Haba Auta, wannan ai ƙuruciya ce. Na yafe duniya da lahira." Na fara miƙewa. Ya ce akwai saura.

"Na yi shekaru ina riƙe da Inna a zuciya, don ta ce kada in zo ko kabarinta. Na ce wace irin uwa ce wannan. Har na hana a ambaci sunanta a gidan nan. Yanzu na gane ni na ɓata mata rai, tana da hakkinta. Ba ta da rai balle in roƙe ta. Kai ne babba, ka tsaya a madadinta ka yafe mani."

Jama'a, ya kama ƙafata. Dattijon yana share hawaye, Saratu tana share hawaye. Ni kuwa na ɗora hannu a kansa na ce, "Ta yafe maka." Haka na ce. Na tsaya a madadin matar da na yi wa ƙarya, na yafe wa wanda bai yi mata komai ba. Suka yi waƙa. Na shiga ɗaki na ce cikina ke ciwo.

Ran Lahadi ban shiga majami'arsu ba, kuma babu wanda ya matsa mani. An sa mani benci a ƙarƙashin mangwaro kusa da taga. Majami'ar ɗaki ne na kwano, maza gefe mata gefe, babu ganga babu rawa irin wadda na ji ana ce Kiristoci na yi. Hudubar limaminmu ba ta kai shan shayi ɗaya ba. Wa'azin fastonsu ya yi awa biyu da rabi, mutane suna rubutawa a takarda kamar 'yan lakwal. Da Hausa ya yi. Ya ce yafe zunubi mataki ne na farko, kamar sare ƙaya a gona. Akwai na biyu, tsarkakewa, wato a tone saiwar, don in ba a tone ba da ruwan farko za ta tsiro. Ya ce tsarkin da ya tsaya a ranar Lahadi bai je kasuwa ran Litinin ba, ba tsarki ba ne.

Daga nan aka buɗe shaida, kuma a nan ne na ji abin da ban taɓa ji ba. Wata mai sayar da masara ta miƙe ta ɗaga mudu sama ta ce ta buga gindinsa ciki shekara shida tana awo da shi, ta bi masu sayenta gida-gida ta gaya masu. Wani malamin makaranta ya ce takardar da ya samu aiki da ita wani ne ya zauna mashi jarrabawar, ya kai ta ya ajiye aikin, yanzu lebura yake yi. A gaban matarsa da surukansa! Mu abin da muka sani shi ne ka tuba tsakaninka da Ubangijinka, Allah ya rufa asiri. Wani kuma ya ce ya sallami matarsa ta biyu don koyarwarsu ba ta yarda da biyu ba, aka ce amin. Wannan kam ban ce amin ba. Ina za ta da 'ya'ya uku? Babu wanda ya miƙe ya faɗi wannan. Daga ƙarshe Habu ya dogara sanda ya tashi. Ya ce ya gama gyaransa, yayansa ya zo daga Nijar ya yafe mashi. Ya ce shi mai zafin rai ne a da, amma shekara shida ke nan da Ubangiji ya tone saiwar fushi daga zuciyarsa, bai ƙara ɗaga murya ga kowa ba. Kawuna suka juyo ta taga suna yi mani murmushi.

Ran Litinin zan koma. Na ɗaura kayana, na yi sallama da Saratu, na shiga shago in yi wa Habu sallama. Yana feƙe ƙafar tebur. Na yi niyyar in ce "sai wata rana" kawai. Abin da ya fito daban ne.

"Habu, Inna ba ta ce kada ka zo ba."

Bai ɗago ba, amma hannunsa ya tsaya.

"Ta sa na rubuta maka ka zo. Na ƙone takardar. Kwana goma sha tara tana jiranka. Wasiyyar nan ni na ƙaga ta."

Sai na ga guduma ta wuce ta gefen kunnena ta fasa gilashin kabad. Ya ɗaga teburin da yake yi ya maka da bango. Ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba, yana cewa, "Goma sha tara! Mota kwana biyu ce! Kwana biyu, Nomau!" Tun da aka haife shi bai taɓa kiran sunana ba. Saratu ta shigo da gudu ta riƙe shi, maƙwabta suka cika ƙofa, waɗanda jiya suka ji shaidarsa. Ya nuna mani hanya da sandarsa ya ce, "Fita."

Na tafi tasha. Motar Zariya ta ƙi cika, na zauna a ciki tun hantsi har bayan azahar. Saura mutum ɗaya sai ga ɗan acaba ya tsaya, Habu a baya, sanda a cinya. Idonsa ya kumbura. Na fito. Bai miƙo hannu ba.

"Daga wurin fasto nake," in ji shi. "Na ce a cire ni daga masu koyarwa. Jiya na tsaya na ce saiwar ta fita. Tana nan. Ban taɓa samun abin da ya taɓa ta ba ne kawai."

Na ce, "Ka yafe mani, Auta."

"A'a. In na ce na yafe, ƙarya ce, kuma ba zan yi maka ita ba. An umarce ni in yafe, zan roƙa a ba ni ikon. Yau ba ni da shi." Ya zaro fensirin kafinta daga bayan kunne, ya ciro wata takarda daga aljihu. "Ka tuna abin da ta ce?"

Na ce ko kalma ɗaya ban manta ba.

"To rubuta. Da hannunka, yadda ta sa ka."

Direba yana ta oda, fasinja suna mita. Na ɗora takardar a kan murfin mota na rubuta: "Auta, ni ce Inna. Jikina ya ƙi. Ka zo in gan ka. Na ji ka bi wata hanya, wannan tsakaninka da Allah ne, ni nono na ba ka. Ka zo da matarka in ga ko tana ba ka abinci. Kada ka tsaya sayen tsaraba."

Ya karanta a tsaye, leɓensa yana motsi. Ya sake karantawa. Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun ƙirji, ya ce wa ɗan acaba su tafi.

Ban tuna komai na hanyar dawowa ba, sai dai a iyaka da aka miƙo mani atamfa na ce a ba wani. Ban zama Kirista ba, kada wani ya fara wannan zancen, kuma akwai abubuwan mutanen nan da har gobe ban yarda da su ba. Na je wurin liman na gaya mashi komai. Ya ce in yi ta istigfari, amma hakkin Habu sai Habu, na Inna kuwa sai ranar tsayuwa. Har yau Habu bai rubuto ba.

Abin da ke hannuna shi ne wannan. Shekara goma sha ɗaya a garin nan, in yaro ya yi wa uwarsa rashin kunya, sai ku ce kada ya zama Habu, wanda uwarsa ta kira shi tana bakin mutuwa ya ƙi zuwa. A gabana kuke faɗa, ina gyaɗa kai. Ku daina. Habu bai ƙi zuwa ba, ba a kira shi ba ne. In kuna neman sunan da za ku tsorata yara da shi, ga nawa.